Duwatsun Cikin Jirgi

Tun da gwiwoyina suka fara yi mini gardama, yawona a Sevran, a gefen Paris, ya koma guda ɗaya: in sauko daga bene, in ratsa ta bayan kasuwa, in bi bakin kanal har inda ƙafa ta ce ya isa haka, in nemi benci in zauna. Kanal ɗin nan ba gulbi ba ne, dogon rami ne da mutane suka haƙa suka sako masa ruwa, babu kada, babu dorina, ko ƙamshin laka na kirki ba ya yi. Amma wanda aka haifa a bakin ruwa ba ya ganin ruwa ya wuce bai tsaya ba. Ranar Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci a unguwar Goutte d'Or, na sayi gorona, mun gama gaisawa da 'yan tsofaffin da suka rage, sai in lallaɓa in gangara inda manyan jiragen ruwa suke ɗaure, waɗanda Faransawa ke kira fenish. Nan nake ƙarasa yinina ina kallonsu kamar wanda aka ba gadinsu.

Lokacin da na fara zuwa ƙasar nan karatu, da baƙin gashi a kaina da sauran rawar kai, jiragen nan ba haka suke ba. Baƙaƙe ne wuluk, dogaye, an danƙare su da yashi ko gawayi ko alkama har ruwa ya kusa lasar bakinsu. In ka tsaya kan gadar kogin Seine sai ka ga suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, injin yana bugawa a hankali kamar daka daga nesa, maigida riƙe da ƙaton sitiyarin katako, matarsa tana shanya wanki, kare yana sintiri daga goshi zuwa gindi yana yi wa gada haushi. Yanzu masu dakon sai ɗai-ɗai, su ma manya ne na kamfani, ba wanki ba kare. Kamyo, wato babbar motar dako, ya ƙwace kayan, tsofaffin jiragen da suka tsira daga masu yankan ƙarfe kuma an mai da su gidaje da wuraren shan iska. An shafe su da shuɗi da kore, an huda musu tagogi an sa labule, an jera tukwanen furanni a inda ake jibge yashi. Wasu suna ɗaure shekara da shekaru, wasu suna kwasar masu hutu su yi kwana biyu ko mako suna yawo da su cikin ƙauyuka. Da farko raini nake musu, ina cewa an yi wa jakin kaya lalle. Daga baya na sauko, don na leƙa na ga aikin da aka yi, aiki ne na masu son abin, kuma ko ba komai ya fi a sassare su a sayar a kilo. Surukina, mijin 'yata, ma ya taɓa nuna mini a waya cewa can Indiya haka suka yi da jiragen dakon shinkafarsu, suka yi musu rumfa da gado suna yawo da baƙi a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ashe ba a nan kaɗai abin ya faru ba.

Wadda ta sa kallon nan ya zame mini tunani kuwa, 'yata ce. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci, don haka Inna nake ce mata. Tana Lyon da mijinta da 'ya'yansu biyu, tana aikin binciken magunguna. Tun da Allah ya karɓi ran mahaifiyarta, bayan doguwar jinyar da ni na yi da hannuna, daga juya ta a gado har dama mata kunu, Inna ta sa ni gaba sai na bar Sevran na koma wurinsu. Bara da bazara ta zo da magana mai ƙarfi. Sun sami gida mai ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka, masu gidan suna jiran amsa kafin ƙarshen wata. In na ce a'a za su kama ƙarami, zance ya mutu ke nan, ni kuma in ci gaba da zama ni kaɗai a hawa na shida, da asansar, na'urar hawa bene, da ke ɗaukar mutane ran da ya ga dama.

"Baba, ka taho kawai," in ji ta a waya. "Wallahi ko tsinke ba za ka ɗauka ba. Ka ci, ka yi salla, ka kwanta, c'est tout, shi ke nan."

Ita a ganinta albishir take yi mini. Ni kuwa duk sanda ta ambaci tsinken nan sai gabana ya faɗi, kuma na kasa gaya mata dalili, don ni ma ban gama kama bakin zaren ba. Sai in ce mata bari in yi shawara, alhali ba ni da wanda zan yi shawarar da shi.

Ni ɗan bakin gulbin Kwara ne, daga wajen Gaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da abara, wato babban jirgin katako na dako, mai rumfar tabarma a tsakiya da murhun yumɓu a gindi. Duk hutun lakwal, wato makarantar boko, cikin jirgin nan nake yin sa. Mu ɗauki gishiri da kanwa da albasa mu gangara kasuwannin ƙasa, mu dawo da hatsi ko tukwane ko abin da Allah ya hore. Aikina na farko tun da na fara wayo shi ne kwasar ruwa. Jirgin katako ba ya daina tsatsa, kome kyan haɗinsa, saboda haka da an sallame asuba sai in sauka cikinsa da ɓararriyar ƙwarya in yi ta kwarfa ina watsarwa, ƙafafuna cikin ruwan sanyi har su daina jin komai. In na gama in bi tsaga-tsaga da tsumma da man kaɗe ina cusawa da tsinin wuƙa, sannan in hura wuta in ɗora ruwan kunu. Yaran yanzu in ka ce su wanke kofin da suka sha shayi sai sun tambaye ka dalili. Mu ba mu san ana tambaya ba, kuma ban ce mun fi su hankali ba, ga shi nan zan ba da labarin nawa hankalin.

Abin da na fi kewa shi ne sauti. Ƙarar gorar tuƙi in ta daki gefen jirgi, da ɗigar ruwa daga jikinta in an zaro ta, da dakan mata daga wani ƙauye da ba ka ganin ko rufin ɗakinsa, da kiran salla da ke tsallako ruwa ya iso maka tas kamar ladanin yana cikin rumfa. Sai kuma gaisuwa. In jirgi biyu za su yi kiciɓis, tun daga inda aka hangi juna ake fara ta. A tambayi gajiya, a tambayi gida, a tambayi ruwa a gaba da inda dorina ta yi zaune, jiragen su gifta juna ana yi, su ba juna baya ana yi, ba a bari sai murya ta ƙare don kanta. Yau in na kira gida a waya, kafin in kai ga tambayar yara an ce mini to sai an jima. Kawu kuma yana da wani kunne da ban taɓa ganin mai irinsa ba. Yana kwance ido rufe zai gaya maka zurfin ruwan da kuke kai, ya gaya maka kaya sun karkata hagu. Ya ce jirgi mai kaya ƙasa-ƙasa yake magana da ruwa, irin ta dattawa, maras kaya kuwa ɓaɓatu yake yi, ruwa yana marin cikinsa yana amsawa.

In Kawu yana lodi, mutane tsayawa suke yi kallo. Kanwa a ƙasa, gishiri a kan ƙirare don kada ya ji danshi, albasa a sama inda za ta sha iska, tukwane a cikin ciyawa kamar ƙwai. Akwai wata tsaga da ya yi da wuƙa a gefen jirgin, sai ruwa ya zo yatsa huɗu ƙasa da ita yake cewa Bismilla a kwance igiya. Amma ba kullum ake samun kayan dawowa ba, a nan ne maganar duwatsu take shigowa. A kowane mashigi da jiragen dako ke tsayawa akwai tsibin duwatsu, manya, masu sulɓi, kowanne sai ka rungume shi da hannu biyu. Wanda ya sauke kaya bai sami na komawa ba, sai ya ɗiba ya jera a cikin jirginsa. In ya isa inda zai yi lodi, ya sauke su a tsibin can, wani mai bukata ya ɗauka. Haka duwatsun nan suke hawa da gangara a gulbi, wasu tun zamanin kakanni, ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Ba mai gadinsu, ba mai ƙirga su, ban kuma taɓa jin an ce wani ya ɗauki ɗaya ya kai gida ya yi murhu ba. Har yau in na tuna wannan tsari sai in ji mutanen nan sun ƙara girma a idona.

A lokacin kuwa ba haka nake gani ba. Na kai shekarun da gashin baki ya fara tsirowa, na ci jarrabawa biyu, boko ya hau mini kai. A ganina wahalar banza ce mutum ya yi dakon dutse yana hawan ruwa.

Wata tafiya a farkon damina muka sauke gishiri a wata kasuwa, ba mu sami ko buhu ɗaya na dawowa ba, don rumbuna sun yi ƙasa. Ɗan Kawu da suke tuƙi tare ya tsaya gida shuka, daga ni sai Kawu. Muka jera duwatsu goma sha huɗu muka juyo. Kafin hantsi zazzaɓi ya rufe shi, ya miƙo mini gora ya ce in bi gefe-gefe kada in yi gaggawa, ya shige rumfa ya ja bargo. Na yi ta dungura jirgin nan har rana ta take, kafaɗuna kamar za su cire, bakin gaɓa yana tafiya kamar hawainiya. Sai na tuna mushenmu, wato malaminmu na lakwal, ya koya mana cewa abu in ya fi nauyi ya fi wuyar turawa. Na dubi duwatsu, na dubi rumfa, na ji numfashin mai barci. Na ɗauki na farko na zura shi cikin ruwa a hankali don kada ya yi ƙara. Da na ji jirgin ya ɗan saki, sai na ƙara. Kafin la'asar na zubar da su duka, jirgi ya taso sama yana gudu, tura ɗaya sai ya yi tsawonsa biyu. Daɗi ya kama ni, har na fara shirya yadda zan yi wa Kawu bayani in ya farka ya gan mu kusa da gida.

Ba ni na tashe shi ba, jirgin ne. Mun shigo wani wuri da gulbi ya buɗe, ruwa ya fara ɗan motsi yana marin cikin jirgin, sai na ga bargo ya yaye. Bai dubi cikin jirgi ba, bai dube ni ba, ya dai karkata kai yana saurare.

"Kai, ɗan lakwal," ya ce. "Ina duwatsun mutane?"

Na fara kawo masa zancen mushe da nauyi da sauri. Bai bari na kai ƙarshe ba, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ni ma na duba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ƙasansa ja, kuma tuni ciyawar gaɓar can ta kwanta. Kafin in ce wani abu iska ta iso. Jirgin da ɗazu nake yabon saurinsa ya zama kamar ƙwaryar da aka jefa a ruwa. Gefensa ya yi tsawo a sama, iska ta sami abin kamawa, ta juya shi ya ba ta haƙarƙari, ta fara jan mu tsakiyar gulbi inda gora ba ta taɓa ƙasa. Na soka gora na ji wayam. Jirgi ya karkata har na ga ruwa ya leƙo ta baki, ya dawo, ya sake karkatawa fiye da na farko. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma na san ni na jawo.

Mutumin da zazzaɓi ya kayar tun safe ya miƙe kamar ba shi ba. Ya zare wuƙa ya yanke igiyoyin rumfa, ya tattaro tabarmin da buhunan gishirin da muka juye da bargonsa, ya watsa su a cikin jirgi ya tattake. Ya ce in aje gora in ɗauko ƙwarya. Ni kuwa hannu ya saba, na duƙa na fara kwarfar ruwa ina zubarwa waje. Ya buge mini hannu.

"Ba hidda shi za ka yi ba. Ɗebo za ka yi ka zuba ciki."

Na ɗauka zazzaɓin ne ya taɓa masa kai. Shekara nawa ina fitar da ruwa daga jirgin nan kowace safiya, yau a ce in zuba masa da hannuna, ana tsakiyar hadari. Amma idonsa ba na mai ruɗewa ba ne, don haka na bi. Ina ɗebowa ina zubawa kan buhuna da tabarmi, shi yana tattakewa don su shanye, kada ruwan ya riƙa gudu gefe ya kifar da mu. Sannu a hankali jirgin ya fara zama. Ɓaɓatun ya ragu, karkatar ta ragu, Kawu ya koma gindi da filafilin tuƙi ya juya goshinsa ya fuskanci iska, ya yi ta lallaɓa shi har muka kutsa cikin burgu, ciyawar ruwan nan mai kauri, muka ƙanƙame ta. Nan ruwan sama ya sauko ya yi mana dukan tsiya. Da ya ɗauke, Kawu yana rawar sanyi haƙora suna haɗuwa, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Bai mare ni ba, magana ɗaya ya yi.

"Jirgin da babu kaya cikinai ba naka ba na, na iska na."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Da muka isa gida ya warke, ya kai ni gaban tsofaffin mashigi ya ce in faɗa musu da bakina abin da na yi da duwatsunsu. Suka yanke cewa in mayar da goma sha huɗu, daga tudun bayan gari, a kaina, ɗaya-ɗaya. Wani tsoho mai ido ɗaya aka sa ya riƙa dubawa. In na kawo dutse ina haki, sai ya shafa shi da tafin hannu kamar mai sayen rago, in ya ji kaifi ya ce wannan zai huda jirgin mutane, in koma in goge. Sai in zauna in yi ta gurza dutse da dutse, 'yan mata masu ɗibar ruwa suna wucewa suna ƙunshe dariya. Hutun nan kaf a kan duwatsu ya ƙare. Tsiyar kuwa ba ta ƙare ba, don shekaru bayan haka, ran da zan taho Faransa, tsohon nan mai ido ɗaya ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce don Allah in na shiga jirgin sama kada in fitar musu da komai.

Ina nan Paris ina fama da takardun buro, wato ofis, aka shimfiɗa kwalta a ƙasarmu, kamyo ya fara kai gishiri a yini ɗaya inda muke yin kwana biyar. Dako ya mutu. Abarar Kawu ta zauna a gaɓa, yara suna wasan ɓuya a ciki, daga baya aka faskara ta. Tsibin duwatsun ma an kwashe an zuba a harsashin gini. 'Ya'yan Kawu sun yi abin da 'ya'yan kirki ke yi, suka ce ya wahala ya isa, ya zauna ya huta, su za su ɗauki komai. Suka shimfiɗa masa buzu a gindin wata bishiya, abinci yana zuwa masa a kan kari. Mutumin da ke jin zurfin ruwa da kunne ya fara manta sunayen jikokinsa, ya fara fita ya rasa hanyar gida. Damina biyu ya yi a gindin bishiyar nan. A wasiƙa aka gaya mini, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na kasa hawa bene.

To, ana saura mako ɗaya wa'adin masu gida ya cika, Inna ta ce in zo Lyon in ga yara. Na san tarko ne, amma tarkon jikoki ba a ƙin faɗa masa. Da na isa sai na tarar ta kama mana wuri a wata fenish da ke yawo da mutane kwana biyu a kogin Saône, wai tunda ina son jirage. Mai jirgin wata tsohuwa ce Bafaransa, gajera, mai hannuwa kamar na maƙeri. A cikin jirgin aka haife ta, iyayenta dakon alkama da siminti suka yi da shi har ƙarfinsu ya ƙare, ita kuma ta ƙi sayar da shi. Ramin da ake zuba alkama ta mai da shi falo da ɗakunan kwana, an lulluɓe bangon da katako mai ƙamshi, tagogi daidai fuskar ruwa har agwagwa tana leƙo ka kana kwance. Ɗan ɗakin gindi da aka haife ta a ciki kuwa ba ta taɓa shi ba, ga gadon iyayenta kamar akwati, ga sitiyarin ubanta da hannu ya cinye wurin riƙo. Duk wani jan ƙarfe da ke jirgin sai walƙiya yake yi. Muka bar gari muka shiga tsakanin dogayen itatuwa, shanu suna kiwo a gaɓa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, masu ƙugiya suna ɗaga mana hannu. Tafiya ce ta sannu ba ta hana zuwa. Na yaba ƙwarai, amma can cikin raina ina jin tausayin jirgin, ina cewa ga ɗan'uwana, an sauke masa kaya an ce ya huta.

Da azahar ta yi na sauka falo na shimfiɗa darduma. Allah ya gafarta mini, a cikin sujada na ji abin. Goshina yana ƙasa, ruwa yana wucewa ƙarƙashin ƙarfe, sai na ji jirgin yana magana ƙasa-ƙasa, irin ta dattawa. Wannan ba muryar jirgi maras kaya ba ce. Mu shida ne a ciki har da yara, da gadaje da kujeru, abin da bai kai a kira shi kaya ba a jirgin da ya saba haɗiye alkamar ƙauye guda. Da na sallame na hau wurin tsohuwar na tambaye ta, cikin ladabi, me take ɗauke da shi a ɓoye. Ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya, ta ba surukina sitiyari ta ce ya riƙe daidai, ta ja ni muka sauka. Ta naɗe shimfiɗar falo, ta sa ƙugiya ta ɗaga wani murfi. Ga su nan jere a duhu, daga wannan gefe zuwa wancan: guntayen ƙarfen titin jirgin ƙasa, da tubalan siminti, da duwatsun daɓen titi masu sulɓi. Ta ce ran da aka daina dako aka wanke ramin, jirgin ya taso sama har ya kasa shiga ƙarƙashin gada, farfelarsa tana dukan iska, kuma in iskar kwarin nan ta taso sai ta yi ta wasa da shi kamar takarda. Ita da mijinta suka yi rani guda suna jera nauyin nan da hannu kafin su kafa ko gado ɗaya.

"Shekara da shekaru ina yawo da baƙi," ta ce, "kowa labule yake yabawa. Kai ne na farko da ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa."

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu gardama na shafa ɗaya daga duwatsun. Babu kaifi ko kaɗan, da tsoho mai ido ɗaya ya karɓe shi. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da Inna, da ta biyo mu, ta dafa kafaɗata tana tambaya ko jikin ne.

Da la'asar muka zauna a goshin jirgi ni da ita, yara suna can suna jefa wa agwagi burodi. Na ba ta labarin duwatsu goma sha huɗu, wanda ban taɓa ba ta ba don kunya, na ba ta labarin Kawu da gindin bishiya.

"Ni na ɗauka ka gaji ne, Baba," ta ce. "Shekara nawa kana ɗauke da Mama."

"Na gaji, Inna. Amma tun ran da anka sauke mini ita, iska ka yawo da ni. In kin kai ni gidanki kin ce ko tsinke kar in ɗauka, damina biyu zan yi miki."

"Subhanallahi, Baba, bar hwaɗin haka. To mi kake so?"

"Duwatsu nike so ki ba ni."

Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta yi wata 'yar dariya irin ta mahaifiyarta in za ta ɗaure mutum da igiyarsa. Ta fara lissafi da yatsu. Kai yara lakwal da ɗauko su, safe da yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Karatun Alƙur'ani, don sun tsaya tun bara ba mai biya musu. Hausa, don ƙaramin in an ce masa ina kwana sai ya ce merci. Cefanen Lahadi, don mijinta bai san ɗanyar kuɓewa da tsohuwa ba. Tana shirin lanƙwasa yatsa na biyar na ce ta dakata haka, ruwa ya kai yatsa huɗu ƙasa da tsaga. A wurin ta kira masu gida.

Yanzu ina Lyon, a ɗakin ƙasa. Gwiwoyin suna nan da halinsu, amma da safe ba na ba su damar magana, don ƙarfe takwas saura jikata tana bakin ƙofa tana ce mini tsohon miji ya cika nawa. Hanyar lakwal tana bi ta bakin kogi, inda fenish suke jere da furanninsu, kuma na daina jin tausayinsu, gaishe su nake yi a zuci in wuce. Jakar yarinyar nan kuwa, ban san abin da suke koya musu da ke bukatar littattafai haka ba, nauyinta ya kusa na ɗan dutsen mashigi. Ni nake rataya ta a kafaɗa, zuwa da dawowa. Da Inna ta ga na ɗan karkata hagu, sai ta je ta sayo wata jakar mai taya, wadda yaro zai ja da kansa ba wahala. Na yaba kyanta, na yi godiya, na sa albarka. Jakar tana nan ƙarƙashin gadona da ledarta, duk gidan sun san inda take, ba wanda ya tambaya.